Bindigar Tsoho a Cikin Kafet

Bindigar da ta raba Yayana da Makka ko kaza ba za ta iya kashewa ba. Wallahi in ka auna kaza da ita, kazar za ta tsaya ta dube ka, ta gama tsince tsabarta, ta wuce abinta. Sai dai in ka juya ka maka mata gindin bindigar a ka, ko a nan ma ina tsoron bindigar ce za ta fara karyewa.

Ta Tsoho ce, wato mahaifin Baba, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Bindigar toka ce irin ta maharban da, doguwa kamar muciyar gidan biki. Da ita ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano yana saurayi, ya nufo aikin hajji a ƙafa. A ayarin, wanda a ƙauyen nasu ya taru, ya haɗu da Kaka tana 'yar budurwa tare da iyayenta, aka ɗaura musu aure a wani zango a Sudan, suka haye teku, suka shigo Makka, suka ƙi komawa. Da aka zo rubuta mutane ana ba su takardar zama 'yan ƙasa, abokin tafiyarsa ya je ya bi layi. Tsoho kuwa ya ce shi baƙon Allah ne, baƙon Allah kuma ba ya bin layi. To ga mu nan. Jikokin abokinsa suna da ƙasa, mu muna da iƙama, katin da ake sabuntawa kamar ana ba ka hayar iskar da kake shaƙa. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife mu, amma a takarda mu baƙi ne da suka zo suka manta hanyar gida.

Tun da na buɗe ido bindigar tana jingine a bayan ƙofar Kaka, a gidanmu na unguwar Jarwal. Kunamarta ta karye tun zamanin da ba wanda ya tuna. Tsatsa ta ci ta har ta ƙoshi. Ina 'yar shekara shida na ɗura mata ƙwallayen dabino har baki, kuma ba wanda ya taɓa zazzage su. Aikinta biyu ne a duniya: Kaka tana tokare taga da ita in iska ta taso, mu kuma muna ciro wanki da ita in ya faɗa kan rumfar maƙwabtanmu na hawan ƙasa. Wannan shi ne makamin da aka tsare birni mai alfarma daga sharrinsa.

Bara mai gidan ya ce mu tashi, za a rushe a gina otal. Baba ya samo mana wani gida a unguwar Zahir. Ranar kwashe kaya Yaya ya aro motar ɗaukar kaya ta wurin aikinsa. Shekararsa ashirin da huɗu a lokacin, yana gyaran mukayyif, na'urar nan ta sanyaya ɗaki da in ta mutu a Makka kai ma ka kusa. Hausarsa rabi Larabci ce, rabin da ya rage kuma Kaka ta ce na jarirai ne.

Yana ganin Kaka ta fito rungume da bindigar ya ajiye katifar da ke kansa.

"Kaka, wannan ba za ta bi mu ba. Halas, magana ta ƙare. A bar ta a rushe da ita."

"Angona, da mataccen mutum kake kishi?"

"Ba kishi ba ne. Doka ta hana. In aka gan ta ni za a kama, ba Tsoho ba."

"Shekara nawa tana nan? Wa ya kama ta?"

"Don ba ta taɓa hawa titi ba ne."

Baba ya goyi bayansa, Ummi ta goyi bayan Baba. Kaka ta juya ta koma ciki. Ta mayar da bindigar bayan ƙofa, ta zauna a kan akwati, aka kawo abincin rana ta ture. Duk wanda ya san Kaka ya san gara ta yi faɗa. In ta yi shiru, bango ma yakan ji kunya.

Da kowa ya sauka da kaya, ta yafito ni.

"Ja'ira, zo nan. Duk ɓarnar da kike yi kullum a banza kike yin ta. Yau ga wadda za ki samu lada."

Ni kuwa dama neman abin yi nake. Ni ce na taɓa sa gishiri a robar sukari ranar da surukan 'yar maƙwabtanmu suka zo gaisuwa, ni ce na ɗaure igiyoyin takalman masu tarawihi. Na shimfiɗa jan kafet ɗin falo, na kwantar da bindigar a tsakiya, na naɗe, na ɗaure da igiya sama da ƙasa. Ina ji da kaina kamar na ci yaƙi. Kaka ta zaro alewa daga bakin zaninta ta ba ni, ta ce a kawo mata abincinta.

Bayan la'asar muka kama hanya, ni da Kaka a gaba kusa da Yaya, kaya a baya sun yi tsiri. Saura 'yan makonni hajji, lokacin da ake tsayar da motocin kaya ana neman mutanen da ake ɓoyewa don su shigo ba da takardar izini ba. Aka tsayar da mu. Wani ɗan sanda matashi ya duba iƙamar Yaya, ya zagaya baya, ya tsaya a gaban kafet ɗin. Naɗin ya yi kauri a tsakiya, kamar maciji ya haɗiyi ɗan akuya.

"Wa ke ciki?"

"Ba kowa," in ji Yaya.

"Warware."

Yaya ya kwance igiyar, ya ja bakin kafet ɗin. Bindigar ta gangaro ta faɗi kan kwalta, ƙwallayen dabinona suka watse kamar carbi ya tsinke. Ɗan sandan ya kwashe da dariya. Ya ɗaga ta, ya leƙa bakinta, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga abin tarihi. Na ce a raina shi ke nan, mun tsira, har na fara shirya yadda zan ba da labarin a makaranta. Sai babbansu ya taho. Shi bai yi dariya ba. Ya dubi bindigar, ya dubi Yaya, ya ɗaga oba-oba ya yi magana a ciki. Daga baya na gane cewa da zarar magana ta shiga wannan abin, ta bar hannun mutane.

"Ta wa ce?"

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni. "Tawa ce."

"Ƙarya yake yi!" na ce, ina ƙoƙarin tsallake Kaka in fito. "Ni ce na..."

Yaya ya juyo ya daka mini tsawa da Larabci, ya ce in rufe bakina, da wata fuska da ban taɓa gani a jikinsa ba. Kaka ta sauko da ƙyar, ta kama hannun rigar babban, tana ce masa ɗana, ɗana, ta mijina ce, ba ta tashi. Ya zame hannunsa a hankali, cikin ladabi, ya ce mata ta koma inuwa. Suka sa Yaya a motarsu. Mu muka zauna a gefen titi da katifu da tukwane har Baba ya zo.

Yanzu ga abin da ke hana ni cin abinci da daɗi har yau.

Abokin tafiyar Tsoho, wanda ya bi layi, yana da jika namiji, sa'an Yaya. Tare suka yi ƙwallo a lungun Jarwal, a faranti ɗaya suka ci shinkafar Ummi. Shi soja ne. A makon da aka kama Yaya, an yi bikin ɗan baffansa a wani gidan taro a bayan gari. Ana cikin rawa sai ya zaro ƙaramar bindiga, ta gaske, mai harsashi, ba ma ta aiki ba, tasa ce da ya saya a ɓoye, ya yi ta ɓarin wuta sama yana juyi kamar shi ne angon. Harsashi ɗaya ya huda tankin ruwan gidan da ke kusa. Da tankin yaro ne fa? Wani ya ɗauka a waya, kafin azahar ta washegari babu wayar da ba ta gani ba daga Zahir har Aziziyya. Aka kama shi, aka kai shi ɗakin da Yaya yake.

Kwana biyu suka yi tare. A rana ta uku wani hafsa ya zo daga barikinsu da takarda. Ya ce wannan nasu ne, ya yi shekaru yana gadin iyaka, su za su ladabtar da shi da kansu. Aka buɗe ƙofa ya fita. Ladabtarwar kuwa ita ce 'yan makonni ba fita daga bariki. Da ya dawo unguwa kumatunsa sun yi luhu-luhu, kai ka ce gidan amarya aka tsare shi.

Yaya kuwa, Baba ya je da mai tsaya masa, dattijo ɗan ƙasa mai mutunci, aka ce laifin makami ba a beli. Ya koma, aka maimaita masa. Ya je da Kaka wurin tsohon nan mai rubuta wa mutane takardar koke a ƙarƙashin lema, a bakin ofis. Kaka ta fara ba shi labari tun daga ranar da ayari ya tashi, da sunan kowane zango, da jakin da ya mutu a hanya. Tsohon ya ajiye biro ya ce, "Ya Hajiya, takardar shafi ɗaya ce." Ta ce to ya ƙanƙanta rubutun. Aka kai takardar, ta shiga inda takardu ke shiga.

Matan unguwa suka yi ta zuwa jaje. Kowace ta sha shayinmu ta ce shari'a saɓanin hankali ce, a yi haƙuri. In na ambaci sojan sai su ce, "Ai shi soja ne, 'yar nan. Ransa ya sa a gaba don mu yi barci." Na ce wa wata, ran nasa ya sa a gaba, ko ran mai tanki? Ummi ta aike ni kicin da ido.

Ba na musun gadin iyaka. Ban taɓa zuwa ba, na ji an ce akwai wuya, na yarda. Amma in ana auna hidima ne kafin a auna laifi, a kawo ma'aunin mu ma mu hau. Yaya ya shekara nawa yana hawa rufin gidajen alhazai da tsakar rana, lokacin da in ka ajiye ƙwai a kan ƙarfe zai soyu har ya ƙone, don tsofaffin mutane daga ko'ina a duniya su samu sanyi su yi ibada? Sau biyu yana suma a kan tsani. Ba wanda ya zo da takarda ya ce wannan namu ne. Shi ba na kowa ba ne, sai namu, mu kuma ba mu da hatimi.

Ana gobe za a shiga kotu na tare Baba bayan azahar na ce zan faɗi gaskiya a gaban alƙali. Ya daki tabarma da tafin hannu har ƙura ta tashi.

"Ki faɗa, sai me? Su sake shi? Ya riga ya sa hannu. Sai dai su ɗauke ki su ƙara. Kukan ɗaya nake yi, kina so in yi na biyu?"

Haka na shiga kotu a matsayin sandar Kaka, tana dafe da kafaɗata, bakina a ɗinke. Na so a ce alƙalin mugu ne, mai jajayen idanu, in samu wanda zan tsana hankali kwance. Sai ga dattijo mai sanyin murya, ya sa aka kawo wa Kaka kujera. Ya karanta rahoton masu bincike: makami ne mai aiki da albarushi, ba shi da lasisi. Babu gurbin tsatsa a takardar, babu gurbin ƙwallon dabino.

Kaka ta miƙe. Shekara fiye da sittin a Makka, Larabcinta bai wuce na cinikin tumatir ba, don haka da Hausa ta yi, tafinta yana bin ta a guje.

"Allah ya gafarta malam, a kawo ta nan. A ɗura mata duk abin da aka ga dama, a auna ƙirjina. In ta tashi, ku riƙe shi har tashin kiyama."

Alƙalin ya sunkuyar da kai, na ga yana danne murmushi. Ya ɗago ya ce, "Ya Hajiya, na yarda da ke. Amma doka ta yanka abin da ba zan iya sauka ƙasa da shi ba. Mafi ƙarancin zan ba shi." Ya ba shi watanni. Ban damu da watannin ba, watanni suna ƙarewa. Abin da ke bayansu ne. Mai iƙama in ya yi zaman gidan yari a kan irin wannan laifi, tarhil ke biyo baya, wato a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasar da fasfonsa ya ce. Wannan ba ma sai alƙali ya furta ba, da kansa yake biyowa kamar jela. Kuma ba dawowa.

To ku gaya mini. Doka ɗaya ce ta ɗaure hannun alƙali tam a kan bindigar da ba ta tashi, kuma ita ce ta kwance kamar zariyar wando a kan wadda ta tashi sau bakwai a cikin taron mata da yara. In ba ta lanƙwasuwa, kada ta lanƙwasu ga kowa. In tana lanƙwasuwa, to mu ma muna da baya.

Da aka ba mu damar ziyara na tafi da jawabin ban haƙuri da na haddace kamar hadda ta makaranta. Ina ganin shi da kai a aske duk ya zube. Na ce, "Yaya, ni ce na naɗe ta."

"Ke a ganinki ni jaki ne? Wa ya ɗora kafet ɗin a mota? Tun a matakala na ji ƙarfe yana dukan kafaɗata."

"To me ya sa ba ka cire ba?"

"Tsohuwa ta ci abinci. Na ce tafiyar minti goma ce." Ya ɗaga kafaɗa. "Daina kukan nan, kin yi kama da biri."

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Bayan sallah sojan ya zo gaida Kaka da kwalin lemo a kafaɗa. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce wallahi ya yi magana da duk wanda ya sani, ba a saurare shi ba. Kaka ta sa masa albarka, don ita ba ta iya riƙe jikan abokin mijinta a zuciya. Ni aka ce in kawo shayi. Na dire tiren har kofuna suka yi tsalle.

"Ƙanwata, har yanzu fushi ake da ni?"

"Ni ba ƙanwarka ba ce. Ina da yaya, yana inda ka baro shi."

"Ba ni na rubuta dokar ba."

"Na sani. Kai dai aka buɗe wa ƙofa."

"To so kike in ce ba zan fita ba?"

Na tsaya da butar shayi a hannu.  Na sha kwanciya ina tsara masa shekara ɗari a kurkuku da sauro da wake ba gishiri, amma da ya tambaye ni ido da ido sai na ga ba ɗaurinsa nake so ba. So nake hafsan da ya zo da takarda ya waiwaya ya ga akwai mutum na biyu a ɗakin. Na ce masa, "Da ka fita, ka waiwaya?"  Ya sha shayin da zafinsa, ya tashi ya tafi. Ummi ta ce na yi rashin kunya, kuma haka ne, kuma zan sake.

Watannin suka cika. Ba a bar mu mun raka shi filin jirgi ba, daga gidan yari aka wuce da shi wurin da ake tara waɗanda za a mayar. Baba ya kai masa jaka ɗaya da lambar wayar wani ɗan'uwa da ba wanda ya taɓa gani. Haka aka mayar da Yaya gida, gidan da bai taɓa takawa ba.

Bayan mako biyu ya kira mu ta bidiyo da hantsi, yana tsaye a wata tasha a Kano, ƙarar motoci da 'yan kamasho ta cika wayar. Ya rame. Ya ce masu shago suna jin Hausarsa sai su kira maƙwabta su zo su saurara. Ɗan'uwan ya karɓe shi, amma ɗakin mutum shida ne, don haka yana so ya nemi ƙauyen Tsoho ko akwai sauran dangi. A gidanmu kuwa ba a taɓa kiran ƙauyen da suna ba, "garinmu" kawai Kaka ke cewa. Kaka ta ce in riƙe mata wayar daidai fuskarta. Likita ya riga ya ce ƙafafunta da zuciyarta ba za su ɗauki jirgi ba, shi kuma an rufe masa hanyar nan. Dukansu sun sani, ba wanda ya faɗa.

"Angona, saurara da kyau. In ka fita gari ka bi hanyar da rana ke faɗuwa. Za ka ga wata babbar kuka mai rassa uku, da rijiya a gindinta. Ka karya dama."

"Kaka, nan duk gidaje ne da gadar sama."

"Ka tambaya mana! Kowa ya san kukar. Akwai wata mata mai sayar da fura a wurin, doguwa, mai tsage."

"Yaushe kika gan ta?"

"Ranar da muka taso."

Ya yi dariya har wayar ta karkace muka koma kallon sararin Kano. Ni ban yi ba. Kaka ta ci gaba da kwatance, tana nuna dama da hagu da hannu kamar yana gabanta, ta haye da shi rafi, ta wuce da shi gonar wani mutum da ya mutu kafin a haifi Baba. Hannuna ya gaji, na canza zuwa ɗayan. Wani ɗan kamasho ya leƙo cikin wayar ya tambayi Yaya ina za shi, Yaya ya buɗe baki ya rasa sunan da zai faɗa.